Zakara Mai Kai Wa Mutane Hari: Yadda Ake Sauke Masa Girman Kai

Duk gidan da ake kiwon kaji watarana sai an haɗu da irin zakaran nan da ya ɗauki kansa shi ne maigida, kin fito da kwanon dusa ko za ki shanya kaya kawai sai ki ji abu ya daka tsalle ya sauka a bayan ƙafarki, yara kuwa ko banɗaki ba sa iya zuwa sai an raka su. Da yawa da sun ga haka sai a ɗau sanda a bi shi ana ihu, to wannan ƙara masa wuta ake yi, gobe da ya hango ki da shirinsa zai fito.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne ba mugunta ba ce, aikinsa yake yi. Zakara mai gadi ne, shi ke ɗaga kai yana duba sama saboda shaho da shirwa, shi ke yin ƙara kaji su ruga su ɓuya, in ya samu abinci ya kira matan da kut-kut-kut su zo su ci kafin shi. Matsalar tana farawa ne lokacin tashen balaga, wajen wata 4 zuwa 6 ga irin su noila da sauran kajin turawa masu saurin girma, kajinmu na Hausa kuma sukan ɗan jima fiye da haka. A lokacin ne jini ke ɗibarsa, ya fara cara, ya fara taka kaji, sai ya fara kallon duk wanda ya shigo cikinsu a matsayin abokin gaba ko wani zakaran da ya zo ƙwace masa mata. Kuma abin mamaki, wanda aka fi shagwaɓawa tun yana ɗan tsako, ana ɗaukarsa ana ba shi abinci a hannu, sau da yawa shi ya fi fitina in ya girma, don tsoron mutum ya riga ya fita daga ransa.

Ba ya kawo hari haka kawai, sai ya fara ba da alama, mu ne dai ba ma lura. Ki tsaya ki kalle shi da kyau: zai sauke fiffike ɗaya har ya kusa taɓa ƙasa, ya riƙa tafiya a karkace yana zagaye ki, gashin wuyansa ya miƙe, ko kuma ya yi kamar yana tsattsagar wani abu a ƙasa alhali ido ɗaya yana kanki yana matsowa a hankali. To nan ne wurin gyara, tun kafin ya daka tsallen. Da kin ga haka kar ki ja baya, kar ki juya masa baya, ki tako zuwa wajensa a hankali ba gudu ba ihu, ki ci gaba da tafiya har sai shi ya kauce ya ba ki hanya. Wanda ya ja baya shi aka ci, haka dokarsu take. In kika gudu sau ɗaya ya rubuta ya ajiye cewa ya fi ƙarfinki.

Ki riƙe wani abu a hannu duk sanda za ki shiga wajensu, tsintsiya mai kauri ko faifai ko murfin bokiti, ba don duka ba, don tarewa. Ya taso ki sa a tsakaninku ki ture shi baya a hankali, ya sake tasowa ki sake turewa, zai gaji. Laima ma tana aiki sosai, ki buɗe ta a gabansa kwatsam sai ya rikice. Sannan a daina shiga wajensa da silifas ƙafa a buɗe, a sa safa da rufaffen takalmi ko dogon wando mai kauri a ƙarƙashin zani, kuma ki tattare bakin hijabi ko mayafi don abin da ke kaɗawa a iska yana tunzura shi.

Shuri da ƙafa kuwa a bar shi. Na ɗaya kina iya karya masa ƙashi ko ki kashe shi a banza ba yanka, na biyu shi a wajensa kin karɓi faɗan kenan, zakara da ƙafa yake faɗa, kin ɗaga ƙafa kin zama zakara ɗan'uwansa.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ɗauka. Ki kama shi ki danne fikafikansa a jikinsa, ki sa shi a ƙarƙashin hammata kansa na kallon baya ko gefe don kar ya sare ki a fuska, ɗaya hannun ya riƙe ƙafafun biyu, sai ki ci gaba da harkarki a tsakar gida kina yawo da shi a gaban matansa na kamar minti 10 zuwa 15. Da farko zai yi ta fizga yana ƙara, kar ki sake shi a lokacin, in kika sake shi yana fizga ya koyi cewa fizga ce ke ƙwatar sa. Ki jira sai kin ji jikinsa ya yi laushi numfashinsa ya daidaita, sannan ki durƙusa ki ajiye shi a ƙasa, ki ɗora hannu a bayansa ki ɗan danne shi kaɗan, sai ki ɗauke hannun ya tafi. A maimaita kullum na sati ɗaya ko biyu, kuma duk babban da ke gidan ya yi, har maigida, don yana iya jin tsoronki amma ya raina sauran. In kamawar ta gagara da rana kar ki wahalar da kanki kina zagaye gida da shi, ki bari sai bayan magariba sun hau makwanci, kaji ba sa gani sosai a duhu, da 'yar tocila za ki ɗauko shi salin alin. Dan Allah kuma banda rataye shi kai a ƙasa kamar yadda ake ɗauko su daga kasuwa, wai don ya ji jiki, numfashi ne ke yi musu wahala a haka kuma akwai wanda ke mutuwa.

Sai a duba gidan shi kansa, don wani lokacin mu muka haɗa fitinar. Zakara ɗaya kaza 8 zuwa 10 ya isa. In kina da zakaru uku kaji biyar ai dole a yi ta dambe, kuma za ki ga bayan kajin ya zama sanƙo gashin duk ya tsige saboda yawan takawa, wasu har da rauni a gefen ciki. Ki rage zakarun. Haka ƙuncin wuri, akurki ƙarami an cusa su da yawa, ko wurin cin abinci guda ɗaya tal kowa na turereniya, duk yana sa su zafin rai, ki raba kwanon abinci da na ruwa gida biyu. Kuma ki daina kama kaza tana ihu a gabansa, yara ma a hana su bin 'yan tsaki, shi da ya ji kukan kazarsa ba ya tambayar waye. In za a kama wata a fara rufe shi tukuna.

In ya yi taurin kai a kife shi da kwando ko a sa shi a keji shi kaɗai, da ruwa da abinci a inuwa, kwana uku zuwa sati. Wasu suna fitowa sun yi sanyi, musamman in akwai wani zakaran da ya hau kujerar kafin ya dawo.

Maganar ƙaimi. Wannan ƙahon da ke bayan ƙafarsa shi ne makamin, na tsohon zakara yana tsawo ya yi tsini sosai. Ana rage shi, amma a sani akwai ƙashi da jini a cikinsa, don haka bakin kawai ake taɓawa. Mutum ɗaya ya naɗe shi da tsumma ya riƙe, ɗaya ya sa magagari ya goge tsinin har ya dakushe, ko a datse ɗan kaɗan da abin yanke farce mai ƙarfi sannan a goge. In jini ya fito a danna garin masara ko sitaci a wurin a riƙe na ɗan lokaci zai tsaya. Wannan ba zai canza masa hali ba ko kaɗan, ɓarnar kawai zai rage, kuma zai sake tofowa.

In ya riga ya ji wa wani ciwo kar a raina don ramin ƙarami ne, ƙaimi yana shiga ciki kuma ƙafar da ke yawo cikin kashin kaji ce. A wanke da ruwa mai yawa da sabulu nan take, a sa ayodin, in ya yi zurfi ko ya fara kumbura da zafi ko ja yana yaɗuwa a tafi asibiti, a kuma yi maganar allurar tetanus in an daɗe ba a yi ba. Ido ko kusa da ido kuwa babu jira.

Maganar yara kuwa, nan ni ba na sassauci. In akwai ƙananan yara a gidan, masu rarrafe da masu koyon tafiya, fuskarsu daidai take da inda tsallensa ke kaiwa, kuma yaro ɗan shekara biyu ba zai iya tsayawa ya nuna masa isa ba. Ko dai ya zauna a killace ba ya haɗuwa da su ko kaɗan, ko kuma in an yi sati biyu uku ana fama bai sauya ba, a kira maigida da wuƙa. Wasu zakarun a jininsu abin yake, ba dabarar da za ta ci su, shi ya sa ma ba a so a bar irinsu su yi ta haihuwa don 'ya'yan na iya ɗaukowa. Naman tsohon zakara yana da tauri, farfesu ya fi dacewa da shi a bar shi ya daɗe a wuta. In sayarwa za ki yi ki jira kusa da sallah kuɗinsa ya fi kyau, amma ki faɗa wa mai saye gaskiya, kar ya kai shi gidan da ke da yara ya ce na kiwo ne.

Kuma kar ki damu wai kajin za su daina ƙwai, kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, ƙyanƙyasa ce kawai ke buƙatarsa. Ko bayan an cire shi ƙwan da za su saka na kamar kwana goma zuwa sati biyu yana iya ƙyanƙyashewa, don haka in ba kya son irinsa, na wannan lokacin a soya wa yara, sai sabon zakara ya ɗan zauna da su sannan ki tara na kwanci.