Ku auna ruwan da shinkafarku ke sha

Salamu alaikum 'yan uwa manoman rani, musamman na fadamar Argungu da Suru. Kowa ya san buhu nawa ya samu bara, amma in ka tambaye shi ruwa nawa gonarsa ta sha, sai ya yi shiru.

Awon ba wuya. Samo duro mai cin lita 200, ka sa bakin tiyon injinka a ciki, ka duba agogo. In ya cika cikin daƙiƙa 40, injinka na zuba lita 18,000 a awa ke nan. Kullum ka kunna, rubuta awannin da ya yi. Bayan girbi ka tara litocin, ka raba da kilon shinkafar da ka samu. A ƙiyasin masana, kilo ɗaya na gyararriyar shinkafa kan ci kusan lita 2,500 a matsakaicin lissafin duniya, har da ruwan sama.

Sai dabarar ragewa. Yanko bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi a fangali, ka kwashe laka daga ciki. Kada ka sake ban ruwa sai ruwan cikinsa ya sauka santimita 15 ƙarƙashin ƙasa. Ni dai na ga sauƙin kuɗin fetur, kuma rijiyar burtsatsena ba ta ƙara jan iska a watan Maris ba.

Amma fa idan shinkafa ta fara fure, a bar mata ruwa kwance, kada a yi mata rowa a wannan makon.