Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen gwada iskar manifol a kwamfuta

Daga ɗaliban injiniyanci na Akoka da Yaba har samarin da ke koyon aiki a garejojin Agege, duk wanda ya kawo min zanen manifol ɗin iska, wato bututan da ke raba wa silindojin inji iska, da ya gwada a manhajar SolidWorks Flow Simulation ko ANSYS Fluent, kusan hoto ɗaya yake nuna min: layuka shuɗi da ja suna kwarara cikin bututu huɗu, gwanin ban sha'awa. Na gaji da maimaita magana baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskuren shi ne buɗe bututan nan huɗu gaba ɗaya, a ce wa manhaja ta tura iska ta ratsa su lokaci guda ba yankewa. Inji ba haka yake shaƙa ba. A inji mai bugu huɗu, kowace silinda sau ɗaya take jan iska a cikin juyi biyu na karanshaf, wato digiri 720. Ɗauki 1ZZ-FE na Corolla, wanda ya cika titunan Legas: silindarsa suna kamawa ne bi da bi, 1, 3, 4, 2. Lokacin da ta ɗaya ke zuƙa, bawul ɗin sauran kusan duk a rufe suke. A juyi 6,000 a minti, bugun shan iska bai wuce kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa ba, sai bawul ya rufe, iskar da ke tafe a guje ta daki ƙarfe, matsinta ya koma baya da saurin sauti ya shiga tukunyar manifol, inda bututan suka haɗu, ya sake dawowa. Wannan kai-komon ne ke cika silinda ko ya hana ta cika, kuma gwajin iska mai tafiya ba yankewa ba ya ganinsa sam.

Wannan ya taɓa cinye min kuɗi masu ciwo. Na zana wa wani Alhaji mai motar tsere manifol na alminiyam, gwaji ya nuna bututu huɗun sun raba iska daidai wa daida. Aka yanka, aka yi walda, aka ɗaura. Da muka zare fulogi bayan an zaga da ita, na silinda ta huɗu baƙi ƙirin da hayaƙi, na ta ɗaya fari fat kamar alli. Ta ɗaya na samun iska fiye da kima, ta huɗu na shaƙewa da mai. Ni na biya kuɗin ƙarfe da na mai walda karo na biyu.

Tun daga nan ba na karɓar sakamako sai an bi ɗaya cikin hanya biyu. Mai sauƙin ita ce ka buɗe bututu ɗaya ka toshe ukun, ka auna, ka koma na gaba, har ka yi gwaji huɗu ka kwatanta. Ta gaskiyar kuwa ita ce gwaji mai tafiya da lokaci, inda kowane bututu ke buɗewa da rufewa bisa juyin karanshaf. Ni ina ba kowane takin lissafi digiri ɗaya na juyin karanshaf, kuma ba na duban zagayen farko, sai na bar shi ya yi zagaye da dama har na baya ya yi kama da na gabansa. Wasu ƙwararru suna fara lissafin da GT-Power, manhajar kwaikwayon aikin inji, su ɗauko matsin bakin bawul daga can. In kana da ita, madalla.

Kuskure na biyu da ke tayar min da hankali shi ne zana manifol daga hoton intanet. Haba ƙanena! Kasuwar kayan mota ta Ladipo tana nan Mushin, manifol tokumbo birjik. Sayi wanda ya tsage, ka sa zarto ka raba shi biyu, ka auna cikinsa da kalifa. Za ka tarar bakin bututu ba da'ira ba ne cif, akwai kaushin zubi, akwai ɗan tudu inda gasket bai zauna daidai da bakin kan inji ba. Iska ba ruwanta da ƙyallin waje, ramin ciki take bi. Mutum ya kwana uku yana gyara kunnuwan ƙusoshi da tambari, amma lanƙwasar bakin bututu, inda iska ke ɓallewa daga bango ta yi guguwa, ya bar ta da kusurwa mai kaifi don ya fi saurin zanawa. Wannan lalaci ne, kuma kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Lissafin yawan iska ma ana tafka kuskure a cikinsa. Inji mai lita 1.8 a juyi 6,000, in ya cika tam, lita 90 yake sha a daƙiƙa. Wanda ya manta raba juyi biyu zai rubuta 180, daga nan komai ya rushe.

Sai zafi. Wata manhajar tana zuwa da digiri 20 a rubuce, mutane su bar shi haka. Iskar digiri 15 a bakin teku nauyinta kilo 1.225 ne a kowace mita kubik. A digiri 32 ta sauko wajen 1.16, balle a ƙarƙashin bonet cikin goslon titin Ikorodu. Kuma motar da rayuwarta goslo ce, me ya kai ka gwada ta a juyi 6,000 kaɗai da totur a wangale? Dogayen bututu ne ke ba da ƙarfi a ƙaramin juyi, gajeru na masu gudu ne.

Raga kuwa, wato ƙananan gidajen da manhaja ke rarraba cikin bututu don lissafi, sau uku nake yi: mai manyan idanu, matsakaiciya, da mai ƙanana. In adadin iskar bai daina sauyawa tsakanin biyun ƙarshe ba, ban gama ba. Ka ƙanƙanta idanunta a jikin bango da wurin lanƙwasa, ba ko'ina ba, in ba haka ba laftof ɗinka zai kwana yana huci.

Mai aiki da manhajar OpenFOAM ya tuna cewa mita take karantawa, zanen milimita sai an rage shi sau dubu. Ka tsawaita bakin fita ya kai faɗin bututu sau biyar zuwa goma, don kada iska ta riƙa komowa ta rikita lissafi. In gudun iska ya haura kashi 30 cikin ɗari na saurin sauti, ka daina ɗaukarta a matsayin wadda ba ta matsuwa. Ka saita ajiyar aiki lokaci-lokaci, domin wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Kafin ka kai zane wurin mai walda, ka gwada tsohon manifol ɗin da hannu. Na'urar zuƙe ƙura, siririn tiyo mai gani-har-hanji da aka lanƙwasa aka zuba wa ruwa don auna matsi, da rula sun isa. Masu teburin gwaji suna auna nasu a matsin inci 28 na ruwa. Kai ko ba ka kai nan ba, ka auna bututu huɗun a matsi ɗaya, ka sa wa kwamfuta wannan matsin. In bututun da ya fi rauni a tebur ba shi ne ya fi rauni a allo ba, koma kan zanenka.