Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Jagorancin Aikin Mishan a Babbar Ikilisiya

Ranar da ake sallamar ma'aikaci zuwa fagen bishara, majami'a takan cika maƙil. Dattawa su ɗora masa hannu, mawaƙa su rera, masu waya su ɗauki hoto, kowa ya koma gida da farin ciki. Amma ka bari shekara ɗaya da rabi ta wuce, ka tsaya a bakin ƙofa ranar Lahadi ka tambayi mutum goma: ina mutumin nan yake yanzu, 'ya'yansa nawa, da me yake fama? Da wuya ka sami biyu da za su amsa. Ƙaramar ikilisiya ba ta cika faɗawa cikin wannan ba, domin ɗan mishan ɗinta ɗaya ne, kowa kuma ya san shi. Babba kuwa tana da kuɗi, tana da jama'a, tana da motoci, su ne kuma ke rufe mata ido. Aiki sai ya mutu a can, a nan gida rahoto yana ta sheƙi. Kusan duk kurakuran da ke ƙasa daga wuri ɗaya suke tsirowa, wato auna aikin da abin da ake gani a gida maimakon abin da ya tsaya da ƙafarsa a fage.

Sakin igiya

A watan Oktoba na 1792 wasu fastocin Baptis suka taru a garin Kettering na Ingila suka kafa ƙungiyar mishan. Abin da suka iya haɗawa a ranar fam 13 ne da sule biyu da sisi. Da shekara ta zagayo ƙungiyar ta aiki William Carey zuwa Indiya. Kafin ya tashi ya kwatanta kansa da mai sauka cikin rami mai zurfi, ya roƙi abokansa su riƙe masa igiya. Andrew Fuller, sakataren ƙungiyar, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1815, yana yawon tara gudummawa, yana rubuta wasiƙu, yana kare 'yan mishan ɗin gaban masu suka. Carey bai sake taka Ingila ba har ya rasu a 1834.

Ba na jin akwai kwamitin da ya taɓa zama ya yanke shawarar sakin igiya. Sulalewa take yi a hankali. Wata na farko kuɗin ma'aikaci ya makara da mako biyu saboda ana gyaran rufin majami'a. Daga baya ya zama wata uku. Yaro ya kamu da ciwo, ba a san wa zai biya asibiti ba, domin ba a taɓa yin maganar ba. Wayarsa ba ta ƙara sai in ana son rahoto. Shi kuma kunya ta hana shi magana, don kada a ce bangaskiyarsa ta yi rauni.

Gyaran yana farawa da takarda, kafin a ɗora hannu. A rubuta nawa za a riƙa aika masa da ranar da za a aika, wa zai ɗauki nauyin magani da karatun yara, yaushe zai zo hutu, me za a yi wa matarsa da 'ya'yansa in ya rasu a bakin aiki, ina zai sauka ranar da ya dawo gaba ɗaya. Wasu kan ce irin wannan rubutu ba na ruhaniya ba ne. Ni dai ban taɓa ganin fasto a babbar ikilisiya yana aiki ba tare da ya san albashinsa ba. Shawarata, ranar da aka biya babban fasto, a ranar za a biya na fage. In kuɗi ya gaza, kowa ya ji a jikinsa.

Kuɗi kaɗai kuma bai isa ba. Ikilisiyar Filibi ta aika wa Bulus taimako fiye da sau ɗaya tun yana Tasalonika, daga baya ta tura masa mutum, Abafaroditus, wanda ya kusa rasa ransa a wannan hidima. Ku ware mutum biyar ko shida ga kowane iyali da kuka aika, su san sunayen yaran, su riƙa kira ba don komai ba sai gaisuwa. A sa mata su riƙa magana da matar ita kaɗai, domin abin da za ta faɗa musu ba za ta faɗa a gaban mijinta da kwamiti ba, kuma sau da yawa ita ce ta fi ɗaukar nauyin kaɗaicin. In sun dawo hutu, kada a ba su minti uku tsakanin sanarwa da baiko. Da Bulus da Barnaba suka koma Antakiya, ikilisiya aka tara musu, suka ba da labarin duk abin da Allah ya yi, suka kuma daɗe a can tare da masu bi.

Wa ake aikawa

Ayyukan Manzanni sura 13 ta lissafa malamai da annabawa biyar a Antakiya. Biyun da aka keɓe su ne Barnaba da Shawulu (wato Bulus), waɗanda suka yi shekara guda cur suna koyar da wannan ikilisiya. Na gaba-gaba aka ba da. Mu kuwa sau da yawa mukan tura wanda bai sami aiki ba, ko wanda ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki ba a san inda za a sa shi ba, ko ma wanda ya dami dattawa ana so a huta da shi. Wannan na ƙarshe zalunci ne ga mutanen da aka tura musu shi.

Zafin zuciya ma yakan ruɗi kwamiti. Saurayi ya tashi bayan wa'azi yana hawaye, wata uku an sallame shi. Ku dakata. Wanda bai almajirantar da kowa a unguwarsu ba, shiga mota ba za ta mai da shi mai almajirantarwa ba. A ba shi aiki a gida shekara ɗaya ko biyu, a ga yadda yake da kuɗi, yadda yake karɓar gyara, yadda yake zama da wanda ba su shirya ba. Kada kuma a tura shi shi kaɗai. Yesu biyu-biyu ya aiki almajiransa. Amma ku sani zaman biyun ma sai an kula, tunda Bulus da Barnaba kansu sun rabu a kan maganar Markus. A shirya tun farko wa zai shiga tsakani in an sami saɓani.

Sai harshe. Shekarar farko ta koyon harshe ce da gaisuwa da sanin wa ke da faɗa a ji. Mai dogara da tafinta har abada baƙo ne, ba zai taɓa jin abin da ake faɗa bayan an tashi daga sujada ba.

Ƙidayar hannuwa

An je wa'azin fili na kwana uku, an dawo an sanar cewa ɗaruruwa sun karɓi Ubangiji, jama'a sun yi tafi. Bayan wata shida babu wanda ya koma ya duba. A wurare da yawa mutum yakan ɗaga hannu don girmama baƙo, ko don ya ga na kusa da shi ya ɗaga. Illar ba a kan lissafi kawai take ba. Ma'aikacin da ke zaune a wuri mai tauri yana jin irin waɗannan sanarwa, ya san shi ma lamba ake jira daga gare shi, sai ko dai ya karaya ko ya fara ƙara gishiri a rahoto. Kwamiti ne ya koya masa ƙarya.

Carey ya yi shekara bakwai kafin a yi wa mutum na farko, Krishna Pal, baftisma a Disamban 1800. Adoniram Judson, ɗan mishan daga Amurka, ya isa Burma (Myanmar ta yau) a 1813, bai yi baftismar farko ba sai 1819. Da a ƙarƙashin wasu kwamitocinmu suke, da an janye su tun a shekara ta uku.

Ku sauya tambayoyin da ke kan takardar rahoto. Mutum nawa ke karanta Maganar Allah tare da kai kowane mako? Wa ka fara koya wa ya jagoranci addu'a? In ba ka nan ranar Lahadi, ana taruwa? Game da wa'azin fili kuma, kada a sa ranarsa sai an san sunan wanda zai zauna ya bi sababbin tuba bayan an kwashe lasifika.

Gini kafin mutane

Wannan ciwon masu kuɗi ne. An sami mutum goma sha biyu suna taruwa a gindin bishiya, sai uwar ikilisiya ta zo ta gina musu majami'a mai cin mutum ɗari uku, ta saya musu kayan kiɗa da injin wuta, ta ɗauki albashin mai bishara. Da kyakkyawar niyya aka yi. Amma daga ranar ginin ya zama na waɗanda suka gina. Ƙofa ta ɓalle, sai a rubuto wasiƙa. Shekara ashirin ana nan ana rubuto wasiƙa.

Henry Venn, wanda ya zama sakataren CMS, ƙungiyar mishan ta Anglikan a Ingila, a 1841, da Rufus Anderson a Amurka sun daɗe da hango wannan. Suka ce ikilisiyar da aka dasa dole ta kai ga riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Venn ne ya tsaya tsayin daka har aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, ɗan ƙasar Yarbawa, bishop a 1864. A 1890 John Nevius, wanda ya yi aiki a ƙasar Sin, ya ziyarci 'yan mishan a Koriya ya ba su shawara makamanciyar wannan: masu bi su gina irin ɗakin sujadar da za su iya, su ci gaba da sana'o'insu suna shaida, a ba da ƙarfi ga nazarin Littafi Mai Tsarki. Ikilisiyoyin Furesbiteriya na Koriya sun bi wannan hanya.

A aikace, a bar su su fara, ku ku cika. Su buga tubali, ku kawo kwano. In za ku biya albashin mai bishara, a yi yarjejeniya cewa kasonku zai riƙa raguwa kowace shekara nasu yana ƙaruwa. Kafin a yanke shawarar abin da suke bukata kuma a tambaye su, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Bulus ya naɗa dattawa a kowace ikilisiya ya wuce gaba, bai zauna yana juya su daga Antakiya ba.

Reshe ba mishan ba ne

Buɗe reshe a wani birni don 'yan ikilisiyarku da suka ƙaura abu ne mai kyau, amma kada a cire kuɗinsa daga asusun mishan. A taron bishara na duniya da aka yi a birnin Lausanne a 1974, masanin mishan Ralph Winter ya nuna cewa ko da kowane Kirista ya yi wa dukan maƙwabtansa masu harshe da al'ada irin tasa wa'azi, akwai al'ummai masu ɗimbin yawa da ba za su ji ba, domin babu mai bi a cikinsu, sai wani ya ƙetara. Ɗauki kasafin bara ka raba shi biyu: nawa aka kashe inda akwai majami'u da ma, nawa inda babu. Kai wa dattawa sakamakon.

Taimako, hotuna da 'yan ziyara

Rijiya da magani da makaranta suna cikin shaidar ikilisiya, amma ranar da aka ce sai ka saurari wa'azi kafin a ba ka magani, an mai da jinƙai ƙugiya. Mutane suna ganewa, hukuma ma tana ganewa. A taimaki kowa ba sharaɗi, a yi wa'azi a sarari ba ɓoye-ɓoye.

Hoto kuwa ya sha jefa mutane cikin haɗari. A inda sauya addini ke iya raba mutum da gidansu ko da ransa, saka fuskar sabon tuba a Facebook ko a rukunin WhatsApp na ikilisiya ganganci ne. Ku yi doka: ba fuska, ba suna, ba sunan gari, sai da izinin ma'aikacin da ke wurin. Haka nan hoton yaro mai rama da ake haskawa don a motsa zuciyar masu baiko. In ba za ka yarda a nuna ɗanka haka ba, kada ka nuna na wani.

Tawagar da ke zuwa na mako ɗaya tana da amfani, musamman ga masu zuwan, domin gani ya kori ji. Sai dai a tambayi mai masauki yaushe yake so, mutum nawa, su yi me. A kuma kwatanta kuɗin tafiyar da abin da ake aika masa a shekara. Wani lokaci lissafin kaɗai ya isa a rage tawagar zuwa mutum uku.

Asusun mishan

An tara baiko da sunan mishan, sai bukata ta taso a gida aka ce a ara, za a mayar. Ba a cika mayarwa ba. Masu bayarwa kuwa ba sa yin gardama, hannu kawai suke janyewa. Lokacin da Bulus ke tara gudummawa don masu bi na Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, don kada a sami abin zargi. A buɗe wa mishan asusunsa daban, mutum biyu ko uku su sa hannu, a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita aƙalla sau biyu a shekara.

Kai kanka, shugaba

Akwai shugaban mishan da duk lambobin waya suna wayarsa, duk alkawuran da aka yi wa ma'aikata suna kansa. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi sai ya tarar da fayil babu komai. Rubuta komai, ka kuma jawo mutum biyu kusa da kai tun yanzu, ɗaya ya kasance matashi.

Ka kuma je fage da kanka aƙalla sau ɗaya a shekara, ba da ayarin motoci ba, ba kuma don ka yi wa'azi ba. Ka kwana a ɗakin da ma'aikacinka yake kwana, ka sha ruwan da yaransa ke sha, ka raka su makaranta da safe ka ga nisanta. Ka tafi da takardar yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, da dare ku zauna da shi da matarsa ku bi ta layi-layi, su nuna maka wanne aka cika, wanne aka manta.