Yadda ake duba fadama a bakin Gongola kafin a biya kuɗin haya

In za ka kama fili don noman rani a bakin Gongola, kada ka saki kuɗinka a Disamba don ka ga wuri kore shar. A lokacin kowace fadama kyakkyawa ce. Ni sau biyu nake zuwa duba wuri: a Satumba da kogi ya cika ya batse, sai kuma Afrilu da ya ja baya ya bar yashi.

Dalili kuwa, kogin nan ba da ruwan samanmu kaɗai yake cika ba. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Bauchi ta Dindima, ya nausa arewa maso gabas har Nafada, can ya karya kwana ya yo kudu. Dam ɗin Dadin Kowa da aka gama a 1984 ya tare shi, in ya wuce sai ya haɗu da Hawul, ya iske dam ɗin Kiri a Adamawa, ya faɗa Binuwai a Numan. Shi ya sa sai a wayi gari ko yayyafi ba a yi a garinku ba, amma ruwa ya shiga gona. An sheƙa shi ne can sama, ko kuma an buɗe ƙofofin dam. Mu da ke ƙasa da dam, wajen Yamaltu-Deba, sanarwar sakin ruwa ta fi hadari muhimmanci a wurinmu.

A zuwan Satumba, ɗaga kai ka dubi itatuwa. Inda kara da ciyawa da leda suka maƙale a reshe, nan ruwa ya kai. Sannan ka nemi dattijon da ya daɗe a wurin, ba mai filin ba, ka ce masa, "Baba, a ina ruwa ya tsaya a 2012 da 2022?" Mai fili dai cewa zai yi ruwa bai taɓa zuwa ba.

Ka lura da lanƙwasar kogi. Gefen da ruwa ke duka, gaɓarsa a tsaye take kamar an yanka da wuƙa, kuma duk damina sai ta zaftare. Ko kyauta aka ba ka, bar shi. Gefen ciki ne ruwa ke lafawa ya ajiye laka, can albarkar take.

Afrilu kuma aikin hannu ne. Ɗebi ƙasa ka jiƙa, ka murza a tafin hannu. In ta yi igiya ba ta tsinke ba, laka ce mai riƙe ruwa, ta shinkafa. In ta ɗan haɗu sannan ta farfashe, albasa da tumatir da tattasai za su so ta. Wadda ta ƙi haɗuwa sam, yashi ne, fetur kawai za ka yi ta ƙonawa wajen ban ruwa. Farin ɓawo a saman ƙasa kuwa alamar kanwa ce.

Daga nan ka leƙa rijiyoyi da burtsatsen maƙwabta, ka auna zurfin ruwa da igiya. Injin ban ruwa da muke amfani da shi ba ya zuƙo ruwan da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa. Ruwan da ke kusa a Janairu yana iya nutsewa a Afrilu.

Kafin a rubuta takarda a gaban mai unguwa, ka tabbata filin bai hau burtali ko hanyar mashaya ba. Ka kuma duba sawu a taɓo da sassafe, domin akwai dorina a ruwan Dadin Kowa, kuma da dare take fitowa kiwo a gonar shinkafa.