Yadda ake gano cutar Parkinson, da inda sabon majinyaci zai nemi tallafi

Mutane da yawa suna ɓata watanni suna yawon gwajin jini, suna jiran takarda ta faɗa musu ko Parkinson ce, wato cutar ƙwaƙwalwa mai shafar motsin jiki. A daina wannan. Babu gwajin jinin da asibiti ke tabbatar da wannan cuta da shi. Likita ne ke gano ta ta hanyar sauraron labarinka da kallon yadda jikinka ke motsi, don haka abu na farko shi ne ka nemi a tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Kafin ranar ganin likita ne ake yin babban kuskure. Mutum ya shiga ya ce "hannuna na rawa" ya yi shiru. Karkarwa kaɗai ba ta isa ba. Abin da likita ke nema da farko shi ne nawar motsi, wato jiki ya riƙa yin komai a hankali, sannan a haɗa da karkarwa ko sandarewar gaɓoɓi. Wasu masu cutar ma ba sa karkarwa ko kaɗan. Ita karkarwar Parkinson takan zo ne lokacin da hannu ke ajiye a kan cinya, yawanci ta fara daga ɓari ɗaya, ta kuma lafa idan ka miƙa hannu ka ɗauki wani abu. Wadda ke tasowa lokacin da kake kai kofi baki sau da yawa wata cuta ce daban.

Saboda haka ka rubuta abin da ka lura da shi. Rubutunka ya ƙanƙance? Hannu ɗaya ya daina lilo idan kana tafiya? Muryarka ta yi ƙasa? Ka daina jin ƙamshi da wari? Bayan gida na yi maka wuya? Kana duka ko ihu cikin barci? Waɗannan uku na ƙarshe sukan riga karkarwa da shekaru. Ka je da wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, shi ya fi ka sanin barcinka. Ka sa a ɗauki bidiyon karkarwar a waya, domin tana iya ƙin fitowa a gaban likita.

Kuma ka kwashe duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su. Wannan ba na sassauci a kansa. Metoclopramide na amai da haloperidol na taɓin hankali suna iya haifar da alamun da suka yi kama da Parkinson.

A ɗakin likita zai sa ka riƙa haɗa babban yatsa da manuniya da sauri, ya lanƙwasa maka gwiwar hannu, ya kalli tafiyarka. Hoton MRI amfaninsa tabbatar da cewa ba wata cuta ba ce daban, irin su shanyewar ɓarin jiki. DaTscan kuwa, wani hoton ƙwaƙwalwa na musamman, yana da tsada, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma yawancin mutane ba sa buƙatarsa. Cutar na faruwa ne saboda mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine, shi ya sa idan aka ba ka levodopa, maganin da ke ƙara dopamine, jiki ya saki, hakan kan ƙarfafa zargin likita.

Da an tabbatar, ka sha magani a kan lokacinsa, kada ka yanke shi farat ɗaya. Ka nemi likitan gashin ƙashi (physiotherapist) ya tsara maka motsa jiki, da mai koyar da magana idan murya ko haɗiya ta fara ba ka matsala. Idan damuwa ta danne ka, ka faɗa wa likita, tana daga cikin alamun cutar kuma tana da magani. Ka tambayi asibitinka ko akwai ƙungiyar masu cutar kusa. Parkinson's UK da Parkinson's Foundation ta Amurka suna da bayanai kyauta a intanet, har na masu jinya.