Darasi na Bakwai: Yadda Abinci Yake Tafiya a Jikin Tsiro

Manoma da yawa suna ɗaukar cewa saiwa ce take ciyar da tsiro, tunda ita ce a cikin ƙasa inda ake zuba taki. Aikin saiwa shi ne tsotso ruwa da sinadaran ƙasa, amma ainihin abincin a ganye ake yin sa. Idan rana ta haska koren ganye, sai ya haɗa ruwan da ya hau daga ƙasa da wata iska da ake kira kabon dayokzaid, ya samar da sukari. Da wannan sukarin saiwa take rayuwa, da shi fure yake fita, kuma shi ne yake komawa sitaci a cikin rogo da dankali da ƙwayar hatsi.

A jikin tsiro akwai ƙananan bututu iri biyu. Na farko suna kai ruwa daga saiwa zuwa sama, kuma a bishiya suna cikin itacen. Na biyu su ne bututun abinci, waɗanda masana suke kira fulowem, kuma a bishiya suna kwance a wani siririn sashe mai danshi a cikin ɓawo, dab da itace. A rake da dawa ba haka tsarin yake ba, domin bututun a warwatse suke a cikin kara.

Wani masani Bajamushe mai suna Ernst Münch ya bayyana yadda tafiyar take a shekarar 1930, kuma bayaninsa ne yawancin masana suke bi har yau. Ganye yana cusa sukari a cikin bututun abinci, sukarin kuma yana jawo ruwa daga bututun ruwa da ke kusa, har wurin ya cika ya matse. A can inda ake buƙatar abinci, kamar saiwa ko toho ko 'ya'yan itace, ana ta sauke sukarin, ruwa yana fita, matsi yana raguwa. Saboda haka ruwan zaƙin yake gudu daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙasa, kamar yadda ruwan famfo yake bin tiyo. Gudunsa yakan kai kusan mita 1 a cikin awa guda. Ba dole ne ya gangara ba. Idan aka dasa doya, abincin da ta adana shi ne yake hawa ya ciyar da sabon toho kafin ganye ya fara aiki.

A nan ne darasin ya shafi gatari da wuƙa. Tun a ƙarni na 17 Marcello Malpighi, wani masani ɗan Italiya, ya lura cewa idan aka ɓare ɓawon bishiya aka zagaye gangar jikinta, saman yankan yakan kumbura, domin abincin da yake saukowa ya rasa hanyar wucewa. Bishiyar tana iya zama shar na tsawon watanni, tunda ruwa yana hawa ta cikin itace, amma a ƙasa saiwa tana fama da yunwa, kuma idan ta cinye ajiyarta, sai bishiyar ta bushe. Abin takaici ne yadda ake kashe manyan maɗatai ta wannan hanya wajen neman sassaƙe, alhali mai sassaƙar yana ganin bai sare komai ba. Kuka tana da juriya, takan mayar da ɓawonta bayan an ɓare shi domin igiya, amma kada a auna mangwaro ko maɗaci da ita.

Wanda zai ɗebi sassaƙe ya ɗiba kaɗan daga gefe ɗaya, a tsaye, ya bar sauran ɓawon a haɗe daga sama har ƙasa. A yi wa ƙananan dashe shinge saboda awaki, a kuma sassauta waya ko igiyar da aka ɗaure su da ita kafin ta nutse a ɓawo. Mai tsinkar ganyen wake ko na rogo kada ya yi wa tsiron ƙarƙaf, domin kowane ganye da aka cire ragi ne a abin da zai shiga ƙwaya ko saiwa. Darɓar da take danƙo a ganyen wake da dawa ita ma daga nan take, domin ƙananan ƙwari ne suke huda bututun abinci, su sha, su zubar da ragowar zaƙin.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya nemi bishiya ɗaya da aka sassaƙa a unguwarsu, ya duba ko yankan ya zagaye ta, ya rubuta abin da ya gani a jimla uku.