Kafin ka sayi kushin na kujerun baranda

Yawancin mutane kala suke fara dubawa, alhali kushin ɗin waje ba irin na falo ba ne, rana za ta dake shi, ruwa ya jiƙa shi, ƙura kuma ta bi ta kai. To ka fara lura da wurin tukunna, rana tana faɗowa kai tsaye ne ko akwai rumfa, feshin ruwan sama yana shigowa ko ba ya shigowa.

Yadin auduga dai ka haƙura da shi, yana shan ruwa kuma nan da nan yake koɗewa. Nemi yadin roba da ake kira akirilik wanda aka zuba wa kala tun kafin a ja zaren, irin mai tambarin Sunbrella, ko kuma olefin, shi ma wani yadin roba ne. Foliyesta ya fi sauƙin kuɗi amma in rana ta yi masa yawa sai ka ga ja ya koma wani iri. Buɗe zif ɗin ka juya bayan yadin, in ka ga bayan fari fat gaban ne kawai mai kala, to buga zanen aka yi a sama, ba zai jure rana ba.

Sai soso, nan ne fa ake tafka asara. Soson katifa na yau da kullum in ya sha ruwa riƙewa yake, sama ta bushe kana ganin shikenan, kana zama ruwa ya tsattsafo maka a wando, bayan kwana biyu kuma ga wari ga fumfuna. Akwai soso mai manyan ƙofofi wanda ruwa ke bi ta ciki ya zube, ka ɗaga shi a haske za ka ga yana ratsawa, shi ne na wurin da ba rufi. Kauri kuwa na mazauni kamar santimita 8 zuwa 10, musamman in kujerar ƙarfe ce, na jingina ko 5 ma ya isa.

Don Allah ɗauki tef ka auna faɗi da zurfin kujerar, kar ka ce ido zai yi maka. In barandar ta bene ce ka tabbatar kushin ɗin yana da igiyar ɗaurewa, iska ba ta da wasa a sama. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɗaukar zafi sosai, fari kuma datti, ni dai na fi son ruwan toka ko mai ratsi-ratsi. In ruwa ya jiƙa shi ka jingine shi a tsaye, gefen zif yana ƙasa, kuma kar ka kai shi sito sai ya bushe ƙamas.